A Cire Bidiyon Kafin Ya Isa Yawuri

Daga: Muhammad Awwal Maikano, Withington, Manchester
Zuwa ga: Alhaji Sanda Marwa, Shugaban Zumuntar Ɗaliban Arewa na Manchester da Birmingham
Litinin, 23 ga Yuni, 2025

Game da: Bidiyon da aka ɗauke ni ranar koyon hawan igiyar ruwa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina gabatar da kukana, duk da kunya ta so ta hana ni.

1. Ranar Asabar, 14 ga Yuni, Zumunta ta kai mu gaɓar teku a Wales. Ban musa ba, tun a mota na cika baki cewa ni ɗan Sarkin Ruwa ne daga Yawuri, a kwalekwale na yi wayo. Da malamar, Chloe, ta ce kowa ya fara gwaji a kan rairayi, na ƙi, don a gidanmu ba a koya wa mutum ruwa a tudu. Madaurin da ke haɗa allon hawan igiyar da ƙafa ma na cire, na ce ni ba akuya ba ne.

2. Ashe kogi daban, teku daban. Igiyar farko ta kifar da ni, allon ya tsere, ya dawo ya fasa mini leɓe. Chloe ce ta tsamo ni ina salati, a ruwan da bai wuce cibiya ba. Wannan laifina ne, na ɗauka.

3. Amma sakataren Zumunta, Malam Ubaidullah, wanda aka ba amanar ɗaukar hoto, ya saka bidiyon a zaurenmu na WhatsApp ba da izinina ba, har da kirari: Sarkin Ruwan Withington. Haba! Ranar Juma'a, 20 ga wata, na je sayen nama a Sparkhill, can Birmingham, mutanen da ban sani ba suna yi mini jinjina. Naman ma ban saya ba.

4. Ranka ya daɗe, dariyar nan zan iya haɗiye ta. Tsorona mahaifina. Shekara arba'in yana tsamo mutane daga Kogin Neja, ya tsufa yana gaya wa masunta cewa ɗansa ya je ya ga babban ruwa. Jiya ƙanwata Safara'u ta tambaye ni daga gida ko leɓen ya warke. Ni ban gaya wa kowa ba. Ita ce ke kai masa waya duk Juma'a, kuma na roƙe ta kada ta nuna masa, amma jikokinsa ba su roƙuwa.

Don haka ina roƙo a umarci Malam Ubaidullah ya cire bidiyon daga zauren kafin Juma'a mai zuwa, a kuma ja kunnen duk wanda ya tura shi gaba. Sannan idan za a sake tafiya, a rubuta sunana cikin 'yan koyo, masu kwanciya a rairayi. In har tsoho ya ga na farkon, ina so in sami na biyun da zan nuna masa.

Allah Ya ƙara girma, Ya rufa mana asiri.

Naka cikin biyayya,
Muhammad Awwal Maikano
(Ɗan Sarkin Ruwan da na saba rubutawa a nan, na ajiye shi tukuna.)