Jirgin da Baba Bai Gani Ba

Juma'a, 12 ga Fabrairu, 2021

Yau dai na ga sabon jirgin ƙasan yana tafiya. Muna dawowa daga masallaci Iliyasu abokin ɗakina ya taɓo ni: "Malam, ɗaga kai!" Ga shi can bisa ginshiƙai yana sulalewa, ba ƙara, ba kowa a ciki. Gwaji suke yi.

Tun ina sabon zuwa DIP, unguwar da nake zaune a nan ƙasar waje, ake wannan aiki, wai wata rana zai haɗa tsohon filin jirgin sama da sabon. Duk Juma'a nakan tura wa Baba hoto a Zariya, shi da ya ƙare ƙarfinsa a aikin reluwe. Sai ya kira ya ce, "To injiniya, ina aka kwana?" Ranar da na ce masa jirgin ba shi da direba, dariya ya yi har da tari. "To yara wa za su ɗaga wa hannu?"

Mu kam mun ɗaga muna yara. Da mun ji kukan jirgi sai mu bar abinci mu ruga bakin dogo, direba ya leƙo ya amsa mana.

Har na ciro waya ina neman sunan Baba kafin na tuna. Da azumin bara ya rasu, korona ta tsayar da jiragen sama, ko zaman makoki ban samu ba.

Na mayar da wayar aljihu, na ɗaga wa jirgin hannu, gemai-gemai da ni a bakin titi. Iliyasu ya kalle ni. Shi ma ya ɗaga nasa.