Na Mayar da Naman Layya, Babana Ya Fasa Baftisma

Kawu Ilu, ina gaisuwa. Don Allah ka agaza mini, abin ya kai mini iya wuya, kuma a ƙauyen nan babu wanda zan yi wa magana ya gane, duk kansu ɗaya ne.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Tamawa, a ƙasar Kurfi. Gidanmu na Maguzawa ne kaka da kakanni. Ni na fara shiga Katolika, kuma ni Fada, limamin cocinmu, ya zaɓa aka kai makarantar koyon aikin katikis, wato mai koya wa jama'a addini. A can na san addini yadda yake. An koya mana addu'a a kan lokacinta, da zama shiru, da yadda mutum zai binciki zuciyarsa kullum ya ga inda ya kauce. A nan na san kaina, Kawu. Na gane ni mutum ne mai tsananin son gaskiya, wanda ba ya iya ganin kuskure ya kau da kai.

Da na dawo bara, ana cikin murnar samun mulkin kai, sai na ga ashe cikin duhu na bar mutanena. Ran Lahadi mu taru a rumfar kara da muke addu'a, wannan na gyangyaɗi, waccan na ɓarar gyaɗa a cikin zane. Alamar gicciye ma rabinsu da hagu suke yi, sai ka ce masu korar ƙuda. Sun haddace addu'a da ka, amma ka tambaye su ma'anar kalma ɗaya sai su yi ta kallonka baki sake. Ni da na zauna teburi ɗaya da Fada, yau ga ni ina fama da waɗannan. Wani lokaci har kunya nake ji a ce ni nasu ne.

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne mahaifina, Sodangi. Tsoho ne, bai san ko baƙi ɗaya ba, amma ya bar tsafin gona, ya soma koyon addu'a, har Fada ya ce in ya zo a kan babur bayan girbin gero zai yi masa baftisma. Na sha wahala a kansa ba kaɗan ba, don abin da na koya masa yau, gobe ya bi iska.

Muna da maƙwabci Musulmi, Malam Ummaru, gonarsa da tamu iyaka ɗaya. Shi da babana tare suka yi kiwon awaki suna yara. Duk babbar salla yakan aiko mana da naman layya, babana kuma da kaka ya kai masa damin sabon gero. Bana an yi yanka ran Alhamis, rabo ya faɗo Jumma'a. Kai ka sani, mu Katolika ba ma cin nama ran Jumma'a, ranar da Ubangiji ya mutu. Ina zaune a ƙofar gida ina koya wa mutane katikisma, sai ga Inno, uwar Malam Ummaru, tana dogara sanda, ta ɗauko akushi da kanta. Wai cinya ce ta zaɓar mini, don tana so ta ga malaminsu da ya dawo daga makaranta. Na faɗa mata yau ba ranar nama ba ce a wurinmu, na ce ta mayar da abinta. Da gangan na ɗaga murya, don masu koyo su ji su ɗauki darasi. Ta tsaya tana kallona, ta mayar da faifai ta rufe akushin, ta juya. Mutanen nan, maimakon su yaba, sai duk suka sunkuyar da kai.

Babana ya dawo daga kasuwar Dutsin-Ma ya ji labari. Bai yi mini faɗa ba. Ya cire carbin addu'a daga wuyansa ya ajiye a gabana, ya ce duk shekarun da ya yi yana tsafi ba a taɓa kunyata maƙwabci a ƙofar gidansa ba, in wannan ce sabuwar hanyar, shi ya tsufa da ita. Tun ranar bai sake taka rumfa ba. Malam Ummaru da ƙyar yake amsa gaisuwata, Inno kuwa ta canja hanyar zuwa rijiya. Duk saboda tsokar nama!

Yanzu gero ya fara fid da kai, Fada na tafe. Me zan ce masa? Kawu, ka ba ni maganar da zan karya taurin kan tsohon nan da ita. In kuwa ba ta, ko in roƙi Fada ya mayar da ni Dutsin-Ma, inda akwai ma'aikata masu karatu, in bar waɗannan da jahilcinsu?

Naka, Katikis Mai Kishin Gaskiya

Ɗana Katikis, na amsa gaisuwarka. Na karanta takardarka, na kuma nemi jahilin da ke cikinta, ban same shi a inda ka nuna mini ba.

Bari in fara da abin da ka yi daidai. Dokar Jumma'a doka ce, kuma na ji daɗi da kake riƙe da ita ba don idon Fada ba. Wahalar koya wa tsofaffi karatu ma na san ta, ba wasa ba ce. Amma dokar cewa ta yi kada ka ci, ba ta ce kada ka karɓa ba. Naman layya da aka gasa, a soya shi, har wata yakan yi a tukunya bai lalace ba. Da ka miƙe ka sa hannu biyu ka karɓa, ka yi godiya, ka rufe shi sai Asabar, da ka cika dokar Ikilisiya, ka kuma cika haƙƙin maƙwabtaka. Kowace mai ɓarar gyaɗa a rumfar nan ta san haka, shi ya sa suka sunkuyar da kai. Kunyarka suka ji.

Kuma kada ka ce tsokar nama ce. A ƙasar nan wanda ya mayar da naman layya ya ce ne ba ya son zumunci. Tsohuwa ta tako da sanda don ta girmama ka, ka mai da ita allon karatu a gaban jama'a.

Ka ce a makaranta ka san kanka. Anya kuwa? Abin da ka gano shi ne kai mai son gaskiya ne, wato ka binciki zuciyarka ka tarar da yabo. Wannan ba bincike ba ne, kwalliya ce. An koya maka duba zuciyarka, ka dawo gida kana duba ta mutane. Girman kai ne ke damunka, ɗana, ya sa rigar addini har ba ka gane shi ba. In ka koma Dutsin-Ma da shi za ka tafi, kuma masu karatun can ba za su yi haƙuri da kai kamar mutanen ƙauyenku ba.

Shi ma tsoho bai kamata ya bar hanya don kuskuren mai nuna hanyar ba. Sai dai ba daga bakinka zai ji wannan ba, don yanzu bakinka ba shi da daraja a wurinsa.

Ga abin yi. Ka je gidan Malam Ummaru da rana tsaka, mutane na gani, tunda a gaban mutane ka yi laifin. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa wa Inno ka ba ta haƙuri, kuma kada ka kuskura ka soma yi mata bayanin doka. Da kaka, kai za ka ɗauki damin geron da kanka. Mahaifinka kuwa ka bar shi, kada ka yi masa zancen baftisma ko sau ɗaya. Ya riga ya ji wa'azinka, yanzu halinka yake jira ya gani. Wataƙila ya dawo bana, wataƙila sai baɗi, wannan tsakaninsa da Allah ne.

In Fada ya sauka daga babur ya tambayi abin da ya hana tsoho, kada ka ce taurin kai ne. Ka ce kai ne. Allah ya ba ka ƙarfin faɗar haka, ya kuma sanyaya zuciyar mahaifinka.

Kawu Ilu