Rantsuwar Mariya a Bakin Tanki

Talata, 1 ga Yuli

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata gare Shi, tsira da aminci ga ManzonSa. Wanda ya tsinci wannan kundi bayan raina, sallama gare shi.

Yau jikata Amatullahi ta kawo mini labarin da za ta karanta ranar walimar Islamiyyarmu ta Dutse Uku, wai in gyara mata Hausa. Jos ta ƙaga, shekara sittin nan gaba: katanga tsakanin unguwanni, ruwa sai da kati, wanda ya tsallaka ba izini ba a sake ganinsa. Jarumar, Mariya, 'yar sha biyar ce mai tura ruwa. Ta ɓoye wata yarinya Kirista, Hosana, cikin tanki. Masu gadi suka tare ta, ta rantse da Allah babu kowa a ciki. Daga ranar ta daina dariya, harshenta ya yi kaifi, ba ta ƙara yarda da kowa ba. Haka ya ƙare, ba tuba, ba hukunci.

Na cika gefen takardun da jan biro.

Alhamis, 3 ga Yuli

Na ce mata haƙuri ne zalunci yake haifa wa mumini, ba taurin zuciya ba. Na ce ta sa Mariya ta tuba. Ta ce, "Tsoho, ta tuba daga me? Daga ceton rai?" Na ce to ta tausasa harshenta. Ta ce, "Wadda aka taka wa wuya shekara goma, ka ce ta miƙe da murmushi?" Na ce zan sake ta in auri mai ladabi. Ta ce ta daɗe tana jiran takardar.

Ko wasali ba ta canja ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Alhaji Ishaku, shugaban kwamitin makaranta, ya same ni bayan la'asar. Wai labarin yana koya wa yara rantsuwar ƙarya. Idan aka karanta shi, kwamiti zai nemi wani shugaban makaranta. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da ita, ni na aza tubalin farko. Na ce masa malamai sun wajabta ɓoye wanda ake nema a kashe bisa zalunci, ko da za ta kai ga rantsuwa. Ya ce wannan hukuncin littafi ne, ba na kunnen yara ba. Na ce za ta karanta.

Ni ma labarin bai kwanta mini ba. Amma ba Ishaku zai rufe bakin jikata ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Ruwa tun safe, ga sanyi. Na karanta shafin tanki sau huɗu.

Juma'a, 11 ga Yuli

Ana, matar marigayi Pam, maƙwabciyarmu kafin rikici ya mayar da su Anguwan Rukuba, ta aiko da gwaten acca kamar yadda take yi kowace damina. Na ce wa Amatullahi ta mayar da kwano. Ta ce, "Kullum ni. Mama Ana ta ce in gaya maka, 'Ni bai mutu ba tukuna, Malam ya zo ya gan ni.'" Sannan ta dube ni ta ce, "Ita ta ba ni labarin ɗakin littattafai."

To, bari in rubuta abin da ban taɓa rubutawa ba. Ranar rikicin na ɓoye Ana da 'ya'yanta biyu a bayan littattafaina. Matasa suka zo da makamai, har da waɗanda na koya wa alwala. Na rantse musu da Allah sau uku babu kowa. Na san hukuncin, na karantar da shi. Duk da haka, tun ranar ban iya kallon idon Ana ba, domin ta ji ni. Ban sake sakin jiki da wani ɗalibi ba. Marigayiya uwargida ta ce na koma dutse.

Ban ce ni ne Mariya ba.

Asabar, 19 ga Yuli

Ta karanta. Da ta iso wurin rantsuwa, Ishaku ya miƙe zai karɓe lasifika. Na ce, "Zauna, Alhaji. Wanda ya yi irin wannan rantsuwa yana gabanka. Idan hukunci ne, fara da ni." Wasu iyaye biyu, manya yanzu, suka sunkuyar da kai. Na gane su, suna cikin matasan ranar. Amatullahi ta ci gaba, ta kai ƙarshe.

Bayan addu'a na aza makullan makaranta a kan teburinsa. Ba zan jira takardar kora ba.

Lahadi, 20 ga Yuli

Na nemi takardun labarin wurin Amatullahi in soke jan biron, ta ce in bar shi, shaida ce. 'Yar ja-in-ja.

Kwanon Ana yana nan ba a mayar ba. Na hau keke napep na kai shi da kaina, don kawai kada ya ɓata. Na same ta ta dawo daga coci. Ta ce, "Malam, ka tsufa." Na ce ita ma. Muka yi dariya, har na ji muryata baƙuwa.

Ya mai karatu, Allah Ya kare ka daga ranar da za ka zaɓa tsakanin harshenka da ran maƙwabcinka. Idan ta riske ka, Allah Ya ba ka ƙarfin hali, Ya mayar maka da dariyarka da wuri fiye da tawa. Amin.