Jan Muzurun Maƙwabcina da Magen Gwaggo

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyar ke nan na kasa zama wuri ɗaya, ko littafi na buɗe ba na gane abin da nake karantawa.

Ni ɗaliba ce a Lyon ta ƙasar Faransa, ina zaune a gefen gari, a Vaulx-en-Velin. Gwaggona, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama a Damagaram, tana sayar da atamfa a unguwar Château Rouge da ke Paris. Tana da mage mai launin toka, irin wadda Faransawa ke kira Chartreux, da takardunta na asali har kaka da kakanni. Gwaggo tana ji da magen nan, wallahi takardun nata sun fi fasfo ɗina samun adana.

Da za ta tafi Umra sai ta bar magen wajen surukarta Rakiya, matar ɗanta, a can Paris. Rakiya na fama da laulayin ciki, ta riƙe ta kwana goma ta gaji, sai mijinta ya kawo mini ita Lyon. Wata rana ina shanya na bar ƙofar baranda a buɗe, ni kuma a hawa na ɗaya nake, sai magen ta fice. Na neme ta har na gode Allah, sai bayan la'asar na gan ta bayan garejin maƙwabcina tare da wani jan muzurunsa mai ƙaton kai. Na ɗauko ta na goge mata jiki, na ja bakina na yi gum. Da Gwaggo ta dawo ta tambaye ni, na ce mata ko ƙofa ba ta leƙa ba.

A satin da ta dawo Gwaggo ta kai ta wajen mai kiwon Chartreux don a haɗa ta da namiji mai takarda. Bayan wata biyu magen ta haifi huɗu, uku masu toka, ɗaya kuma baƙa da dabbare-dabbaren ja. Likitan dabbobi ya ce toka da toka ba sa haifar da ja, dole akwai wani uban, kuma mage na iya ɗaukar cikin maza biyu a lokaci guda. Mai kiwon ya ce ba zai sa hannu a takardar ko ɗaya ba.

Nan take Gwaggo ta ɗora wa Rakiya laifin. Ta kira ta ta wanke ta tas, ta ce sakarya ce, ba ta da riƙon amana. Rakiya ta rantse, Gwaggo ta ce ga ƙarya kuma a kan sakaci. Yanzu wata biyu ba ta amsa gaisuwarta, har ta ce ba za ta taka gidansu ranar suna ba, ga haihuwa saura sati uku. Ni kuwa ko a mafarki ba ta kawo ni a ranta ba, wannan ya fi komai ci mini rai. Tsoro nake ji, ban taɓa yi mata ƙarya ta kama ni ba, kuma na san Gwaggo, idan ta cire mutum daga ranta ta cire ke nan.

Shekaranjiya Rakiya ta kira ni tana kuka, ta ce, "Ke da kike karatun kimiyya, ki yi wa Hajiya bayani mana, ko launin nan yana iya fitowa haka kawai?" Na ce mata zan duba. Na ji kunyar kaina.

Jiya kuma Gwaggo ta ce ta ba ni 'yar magen mai dabbaren jan nan kyauta, wai ba ta son ganinta, kuma ni kaɗai ta yarda in riƙe mata dabba. Ran Asabar za ta shigo jirgin ƙasa ta kawo mini ita da kanta, ta kwana biyu. Muzurun nan kuwa kullum da hantsi yana kwance a ƙarƙashin tagata yana shan rana.

'Yan uwa, in kira ta yau in faɗa mata, ko in fara neman gafarar Rakiya? Ko in bari sai ta zo ta buɗe taga da kanta?