Itacen Kududdufi

Asabar, 9 ga Disamba, 1961. Boɗinga.
Na gama haɗa gangar ɗumama ruwa. Wuta a ƙarƙashinta, bututu ya bi ta gindin kududdufin da na gina bayan gida, ruwa ya yi ɗumi. Kifayen nan na ado, da abokan aiki suka ba ni ranar da na bar maɗaba'a a Zariya, 'yan bakin teku ne. Littafi ya ce in ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da saba'in, mutuwa za su yi. Ɗarin bana kuwa ba wasa.

Laraba, 20 ga Disamba.
Da safe tururi na tashi a kan ruwa, su kuma suna gilmawa a ƙasansa, ja da shuɗi, kamar tawada ta zuba ta ƙi narkewa. Na daɗe a tsugune. Matata Hasiya tana Shagari wajen iyayenta, goyon ciki. Ban cika tunaninta ba. Itacen da na tara zai kai ni ƙarshen sanyi.

Talata, 2 ga Janairu, 1962.
Ta sauka. Mace.

Jumma'a, 5 ga Janairu.
Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifin Hasiya, ta zo da kanta. Itacen wankan jego a kan miji yake, ni ko na manta. Kasuwa babu busasshe, sanyi ya cinye. Ta tsaya kan kududdufi, ta tsoma yatsa.
"Ashe kifi ad da jego gidan ga. To Malam, Allah shi raya su."
Na ce zan duba. Ta ce mai jego ba ta wanka da "zan duba".

Lahadi, 7 ga Janairu.
Na yi mafarkin Hasiya tana iyo cikin tururi, ina ta kira, ma'auni a hannuna. Na farka da kunya. Na sa Attahiru mai jakai ya kwashe itacen duka zuwa Shagari.

Alhamis, 11 ga Janairu.
Duwatsu baƙaƙe nake shanyawa a rana in jefa ciki, in rufe da zana. Ma'auni na kan sittin da huɗu. Shuɗayen sun tafi. Suna juyewa ne a hankali, kamar masu gyara kwanciya. Jajaye biyu suka rage, na mai da su randa kusa da murhu.

Alhamis, 18 ga Janairu. Shagari.
Tun daga zaure na hango tururi yana tashi bayan danga, da ƙanshin ganye. Itacena ne. Gwaggo ta miƙo mini jaririyar, na kau da kai yadda ya kamata, 'yar fari ce. Yatsunta dai na buɗewa suna rufewa, a hankali, kamar a cikin ruwa. Wannan da gefen ido na gani.
Jajayen suna nan, ina jin. Ma'aunin kuwa sai yanzu na taɓa shi cikin aljihuna. Ban san ranar da na daina duba shi ba.