'Yata Ta Kwance Batirin Akori-Kurata

Malama, ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da za a ce tsoho ya zautu. Amma tun farko in gaya miki, idan ke ma cewa za ki yi in sayar da motata, to ajiye bironki, kada ki ɓata tawada. Wannan maganar na ji ta har kunnena ya yi kanta.

Ni tela ne. Tun ban yi gemu ba nake kan keke, yanzu gemun ya yi fari fat. Shago yana hannun 'ya'yana maza biyu. Nawa in leƙa da safe, in duba yankan da suka yi, in ɗan yi faɗa don kada su manta da ni, in dawo gida.

Shekarun baya na je wurin 'yan gwangwan neman ƙarfen da za a yi wa shago ƙofa. Can bayan filinsu na hango wata tsohuwar akori-kura a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya, ciyawa ta huda ƙasanta ta fito, kaji sun mayar da kujerar direba wurin saka ƙwai. Irinta ce sak aka ɗauko mini keken ɗinkina na farko a bayanta, ina rungume da shi kamar jariri. Mai filin ya ce gab suke da yanka ta da wuta. Ban sayi ƙarfen ƙofa ba ranar. Da aka jawo ta har ƙofar gida, mai ɗakina ta fito ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, mota ka sayo ko gawarta?"

A lokacin ko lambar sifana ban sani ba. Akwai wani tsohon bakanike a ƙarshen layinmu da ya ajiye aiki, shi ya ɗauke ni ɗalibi da furfurata. Ni in ɗinka masa, shi ya nuna mini. Muka sauke inji muka baje shi a kan tabarma gunduwa-gunduwa, sai na ga ashe inji ma kamar riga yake, in ka san yadda aka yanka ka san yadda za a haɗa. Da tsohon buroshin haƙori na wanke kafireta. Lagireto kuwa sau nawa muna liƙe shi yana sake yoyo, har na fara yi masa magana kamar mutum. Farcena ya daina fari, mai ɗakina ta ware mini sabulu da tawul nawa ni kaɗai.

Ban tsaya a mayar da ita yadda take da ba. Kujeru ni na ɗinke su da yadi mai kauri, ninki biyu, wanda ya san ɗinki in ya shafa zai gane. Na sa aka walda mataki ƙasa-ƙasa a gefen fasinja saboda gwiwoyin mai ɗakina. A baya na kafa benci biyu da ƙarfen riƙewa, na ɗinka rumfar tamfol, don jikokina. Na yi mata fenti rawaya, 'yan layi suka sa mata suna Gwaiduwa, ni kuma na karɓa. Ranar da ta fara tashi, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, mai ɗakina ta fito da ludayi a hannu tana tari tana dariya, ni kuwa na zauna a kan taya, ƙwalla na zuba, na ce hayaƙi ne.

Ana cikin haka ido ya fara ba ni matsala. In na kalli fitila sai in ga wani zobe ya kewaye ta. Babbar 'yata, wadda ke aiki a kantin magani, ta matsa sai da muka je wurin likitan ido. Ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tare saura da maganin ɗigawa. Sannan ya ce in daina tuƙi. Malama, ita yake kallo yana faɗa, ba ni ba, kamar kayan wanki ta kawo masa. Na ciro allurar da ke maƙale a hulata, na zare zare daga bakin aljihu, na zura a gabansa tashi ɗaya, ba tabarau. Ya yi murmushi ya ce ba gaba ba ne matsalar, gefe ne. To shi mai tuƙi gaba yake kallo ko gefe?

Kada a ce na ɓoye wani abu, ga abin da 'ya'yana suke riƙe da shi. Wata safiya na fito da Gwaiduwa gwaji. Na je ƙarshen layi lafiya, ina karya kwana sai bamba ta ɗauki ƙafar teburin wata mai sayar da ayaba. Ayaba ta watse, matar ta yi tsalle gefe ta kurje gwiwar hannu. Gaskiya ban gan ta ba. Amma teburin nata ya ci rabin hanya, kowa ya sani, kuma lokacin ban saka madubin gefe ba. Na ba ta haƙuri, na biya ɓarna, ta ce ta yafe. Wane direba ne bai taɓa gogar abu ba? Yanzu na ɗaura madubai kowanne kamar faranti.

Labari ya kai wa 'yata. Ta zo ta ɗauke makulli. Na yi dariya, ni da na ja wayoyin motar nan da hannuna? Na sa aka yanko wani. Sai rannan na dawo daga shago, na murɗa makulli, shiru. Na buɗe bonet, wurin batir wayam. Ashe ita da mijinta suka zo suka kwance. Surukina, Malama, wanda har yau durƙusawa yake yi ya gaishe ni, shi ya sungumi batirina ya sa a but ɗin motarsa. Mai ɗakina tana tsaye tana kallo, ba ta ce uffan ba.

Na kira 'yar a waya. Ta ce, "Baba, gara ka yi fushi da ni da a kira ni a ce ka taka ɗan wani. Wannan gwangwanin ba inda zai kai ka sai asibiti." Gwangwani! Abin da na raya da yatsuna. Na ce mata kada ta sake tako mini gida sai batirina ya rigaya ta shigowa. Ba ta zo ba, batir bai zo ba, jikokin ma an daina kawo su. Bencin da na yi musu ƙura ce ke zama a kai. 'Ya'yana mazan kuma sun samo wai mai sayen motar. So suke su shimfiɗa mini tabarma, su miƙo mini rediyo, in zauna jiran ranata.

To ban mutu ba tukuna. Ni na ɗinka wa yarinyar nan rigar makarantarta ta farko, ni na riƙe mata keke har ta iya, yau ita za ta yanke mini inda zan je? Batir ba a gidanta kaɗai yake ba, kasuwa cike take da shi. Na ƙudura zan sayi sabo, in ɗauki mai ɗakina in kai ta garin da yayarta take, yayar ta daɗe ba lafiya, kuma na yi alkawari a motar nan zan kai ta. Da na gaya mata, cewa kawai ta yi "Allah ya kai mu," ta ci gaba da ninke kaya.

Ki gaya mini, Malama, ba ni da gaskiya? Kuma ta yaya zan nuna wa yaran nan cewa uba uba ne ko da ido ɗaya gare shi?

Naki,
Tela Mai Gwaiduwa

Baba Tela,

Ban ajiye biro ba, domin ba zan ce ka sayar ba. Kada ka sayar. Motar nan guminka ce, kuma ita ce ta hana ka zaman tabarmar da kake tsoro. Ka gaya wa samarinka su sallami mai sayen cikin mutunci. 'Yarka ma ta yi kuskure a hanya. Ba a shiga gidan uba a kwance masa kaya bayan idonsa, balle a sa suruki ɗauka, kuma kalmar gwangwani ba ta dace da bakinta ba. Likitan da ya yi magana a kanka kana zaune kamar ba ka nan, shi ma bai kyauta ba. Fushinka yana da tushe.

Amma ka tambaye ni gaskiya, ga ta. Kada ka hau titi da motar nan, ko da sabon batir ko da tsoho. Allura tsayawa take a gabanka ta jira ka. Yaron da ya biyo ƙwallo ba ya jira, kuma daga gefe yake fitowa. Wannan ciwon haka yake sata, yana cinye gefe ya bar tsakiya tangaram, mai shi ya rantse yana gani sarai, domin abin da bai gani ba bai san ya wuce shi ba. Madubi komai girmansa sai ido ya kai kansa yake amfani. A wasiƙarka ka rubuta da hannunka, "ban gan ta ba." Tebur ne da mace zaune, gari a waye, a layin da ka sani kamar tafin hannunka. Ranar ayaba ce ta watse. Ba kullum ake kwana a gado ba.

Ba sai ka yarda da ni ba. Ka koma asibiti, wurin wani likitan daban in ka ga dama, ka ce a yi maka gwajin ganin gefe, a nuna maka sakamakon kai da kanka, a yi maka bayani ido da ido. Kai da ba ka yanka yadi sai ka auna, ka auna wannan ma. Sai dai ka ɗaure wa kanka tun kafin ka shiga cewa abin da awo ya nuna shi za ka bi. Maganin ɗigawa kuma kada fushi ya sa ka yi wasa da shi, shi ke tsare maka ganin da ya rage.

Akwai mutum ɗaya da ba ka tambaya ba. Matar da ta ware maka tawul ta yi dariya cikin hayaƙi ba maƙiyiyar motar nan ba ce, amma ta tsaya tana kallo aka fita da batir. Wannan shirun magana ce. Ina jin tsoro take ji, tana kuma jin nauyin ta karya maka zuciya. Ka zaunar da ita, ka ce ta faɗa maka tsakani da Allah ko hankalinta zai kwanta ka tuƙa ta zuwa wani gari, kuma in ta fara magana kada ka katse ta.

Batir ya dawo gida, wannan haƙƙinka ne. Injin da aka ajiye ba a tayarwa lalacewa yake, kuma gyara da ƙare-ƙare ba wanda ya hana ka. Ka ba 'yarka kalmarka cewa ba za ka fita da motar titi ba, ta dawo da batirin da hannunta ta ba ka haƙuri. Kalmar dattijo ta fi kwance batir ƙarfi. Tafiya wurin yayar mai ɗakinka kuwa a yi ta, kuma a Gwaiduwa, bayan tsohon bakaniken nan ya duba birki da sitiyari da kyau. Alkawarin da ka yi shi ne za ka kai ta a motar nan, ba ka ce lallai sai kai ne a sitiyari ba. Cikin 'ya'yanka uku da suruki ba a rasa direba ba. Tsohuwar mota tana da halinta, ba mai iya mata sai ka koya masa, kai kana gefe kana gyara masa giya kana faɗan da ka saba.

Ka ce kana son su san uba uba ne. Sun sani, Baba. Da ba su sani ba da sun ƙyale ka ka tafi. Yarinyar da ta zaɓi fushinka a kan ta rasa ka, tarbiyyarka ce ke aiki a jikinta. Kai ka rufe ƙofa, kai za ka buɗe, domin ita kunya da tsoro ba za su bar ta ta fara ba. Ka kira ta yau, ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka ce mata, "Kawo mini yaran nan." Za ta gane sauran.

Allah ya tsare maka ganinka, ya ba yayar mai ɗakinka lafiya, ya kai ku ya dawo da ku lami lafiya.

Malama