Makirufon da Ka Manta a Ƙirjinka

Zuwa ga Wendell, sanyin idona, ruwan farko a gonar masara, mai ɗingishin da ya fi mini takun kowa daɗin ji,

Ka tattara ka koma ɗakin katakonka a daji, ko sallama babu. To, ni mai ɗaukar sauti ce, kunne ne sana'ata, kuma akwai abin da na ji.

Ka tuna rumbun nan na Nebraska inda muka ɗauki fim ɗinmu na yaƙi da kyamarar aro? Daraktarmu Marisol ta ƙi 'yan wasa, ta ce sai wanda ya je yaƙin da ƙafarsa. Ka zo kana rantsuwa ba ka iya komai ba. Kai, Wendell! Ranar da ka zauna kan buhun masara kana ba da labarin abokinka da ka saɓo a kafaɗa, na manta aiki nake. Da ka gama, aka ce kowa ya yi tsit in ɗauki shirun wurin, yadda muka saba. Cikin shirun nan na ji bugun zuciyarka ta makirufon da na liƙa maka a ƙirji. Wace irin zuciya ce wannan, ta ratsa wuta, ta dawo tana bugawa a hankali kamar ɗigar ruwa daga indararo?

Sai ka yi kuskuren sabon shiga. Ka zagaya bayan rumbu ba ka cire makirufon ba, ni kuwa abin sauraro na kunnena. Na ji kana gwada yadda za ka ce kana sona, ka fara, ka sake. Sannan ka tambayi kanka wace mace za ta zauna da mai firgita cikin barci yana ihu.

Ni ce. Wa ya aike ka ka amsa a madadina? Na ɗauki ƙarar tsawa, na ɗauki ta jirgin ƙasa, kunnena bai fashe ba, balle ihun wanda nake so.

Ran Asabar za a nuna fim ɗin a ƙaramar sinimar garinmu. Na kama maka kujerar ƙarshe, kusa da ƙofa, bango a bayanka, yadda hankalinka ke kwanciya. Duk abin da ka faɗa a rumbun nan na adana a faifai, ban da na bayan rumbu. Wannan ban ɗauka ba, a bakinka nake so. Ka zo, ko da muryar za ta karye.

Taka har ƙasa ta rufe idona,
Loretta